Mai Kaset da Memorin Inna

Har yau Mai Kaset ake ce masa, ko da yake yaran da suka sayi kaset a hannunsa yanzu su ma sun fara furfura. Ya sayar da kaset, ya sayar da faifai, yanzu kuma tura waƙa yake yi a waya da memori. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: kowace waƙa da gidanta. Ta soyayya daban, ta addini daban, ta gargajiya, ta 'yan zamani, ta ƙasashen waje. Kana shiga shagon zai ce, “Wane iri?” In ka tsaya inda-inda, ya bi ka da kallo kamar wanda ya manta abin da aka aike shi.

Shi ya koya wa ƙaninsa Auta sana'ar, Auta kuma ya kafa ɗan teburinsa a ƙarshen layi. Shi Auta ba ruwansa da iri. Sai ya ce, “Mai sauri ko mai tafiya a hankali? Murya siririya ko mai kauri? Tuƙi za ka yi ko kwanciya?” Mai Kaset ya ce wannan ai bokanci ne, ba sana'a ba. Direbobi suka koma wurin boka, teloli suka rufa musu baya. Ya ji haushi, amma ya shanye.

Wanda ya kasa shanyewa shi ne na Inna. Tun da idonta ya yi rauni, ƙaramar rediyo mai memori ce abokiyar hirarta, kuma shi ke cika mata da waƙoƙin da, waɗanda a ganinsa suka dace da tsohuwa. Ko kowa ya gudu, yana da kunnen uwarsa. Wata safiya ya shiga gaishe ta, ya tarar da wani gardi a rediyon yana rera waƙa cikin harshen da babu mai ji a gidan, Inna ta jingina da bango tana gyaɗa kai.

“Inna, wa ya sa miki wannan?”

“Ƙaninka.”

Nasa memorin kuwa yana can cikin gwangwanin allura da zare. Kishi ya turnuƙe shi, kishi na gaske, ƙato da iyalinsa yana kishin ƙaninsa a kan uwa. Ya ce rediyon na bukatar gyara, ya tafi da ita.

Da ya buɗe memorin da ke cikinta a kwamfutar shago, har daɗi ya ji. Hargitsi ne zalla: soyayya a gefen addini, gargajiya a tsakiyar baƙin harsuna. Ya zage damtse ya raba kowa gidansa, ya goge baƙi da waɗanda ba a san su ba, ya cike gurbinsu da fitattun kowane iri. Da yamma ya mayar mata yana ƙasaita.

Ta saurari ɗaya, ta danna gaba, ta sake dannawa.

“Ina mutanen nan suka tafi?”

“Na tsara miki ne, Inna. Ki faɗa min irin da kike so kawai, babu wanda ba ni da shi.”

“Ni ina na san wani iri? Ƙaninka zama ya yi a nan yana sa min ɗaya bayan ɗaya, duk wadda na yi shiru a kanta sai ya ajiye. Daga baya na lura duk masu murya ƙasa-ƙasa ne, masu jan numfashi kafin su ɗauko magana. Haka babanku yake.”

Auta yana goye mahaifinsu ya rasu, bai san muryar ba. Mai Kaset ne ya tashi da ita a kunnensa, ya yi shekaru yana cika wa Inna rediyo, bai taɓa zama ya ga inda take yin shiru ba.

Inna ta laluba ta kashe rediyon.

“Kira min shi ya dawo min da su.”

Ya ciro waya, ya daɗe yana kallon lambar ƙaninsa kafin ya danna.