Katin Bala

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da wani abokina mai mota, wanda ya yarda ya kai ni Kano bisa sharaɗin ba zan karanta masa labarina a hanya ba. Wai kansa ciwo yake da zarar na fara zancen halittun da suka sauko daga wata duniya. Ban ji haushi ba, na saba. Ko a zaurenmu na marubuta, in na tura gajeren labari sai a yi tsit, can wani ya ce, "Malam, yaushe za ka rubuta irin namu?"

Ga abin da ya tashe ni. Mahaifina, Isufu, mutumin Damagaram ne. Ya yi aikin jima a Challawa har ya rasu ina ɗan shekara tara, mahaifiyata ta kwashe mu zuwa Kaduna. A nan 'yan Nijar ake ce mana, a Damagaram kuma 'yan Najeriya. Ko hotonsa ba mu da shi. Watanni ke nan ina fama da labarin wani baƙo daga wata duniya da ya ɓuya cikin ma'aikatan kamfani, labarin ya cije ya ƙi ƙarewa. Sai na gane babana nake ta rubutawa alhali ban san shi ba. Mutum ɗaya tak nake nema, wanda zai ce mini ya san shi.

Hantsi ya yi muka iso Na'ibawa, muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu kam sai addu'a, ɗaya bai cika loma ba. Daga nan muka ratsa gari zuwa Bompai, inda aka ce babana ya fara dako. Tireloli sun cushe hanyar Dakata, muka yi ta rarrafe a bayansu. Gine-gine da yawa ƙofofinsu sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye harabar, wasu an mai da su ɗakin ajiyar kayan waje. Duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai.

A kamfanonin Sharada mun tarar ana canjin aiki, maza da mata suna ta fitowa cikin ƙarar janareta da warin narkakkiyar roba. Suna tsokanar juna, suna kiran juna da sunayen da su kaɗai suka san mafarinsu. Na tsaya a gefe da jakata, wallahi har kishi ya kama ni. Muka ci garau-garau a bakin titi, abokina ya ce mu juya, na roƙe shi mu ƙarasa.

Challawa tun daga Panshekara hancinka zai gaya maka ka kusa. Baƙin ruwa na bin kwata, warin fata ya riƙe maƙogwaro. Kamfanin da mahaifiyata ta kwatanta mini a rufe yake, sai wani tsoho ɗan Filato da ke gadi, wanda ya ce a nan ƙuruciyarsa ta ƙare. Na ce ina neman wanda ya san Isufu. Ya yi tunani ya ce bai taɓa aiki da mai wannan suna ba. Har na juya, sai na ce, "Baba, dogo ne, kullum da 'yar butar shayinsa a aljihu."

Tsohon ya miƙe tsaye. "Bala mai buta! Kai ɗan Bala ne?"

Ya zaunar da ni a bencinsa ya warware mini. A wancan lokacin, in mutum ya zo daga ƙetare ba takarda, sai a ba shi katin wani da ya bar aiki, ya riƙa shiga da shi. Sunan da ke kan katin shi ne sunansa, da shi ake kiran layi, da shi ake yi masa faɗa. Wani Bala ya tafi, babana ya gaji katinsa. Tsohon ya ce kwano ɗaya suke ci, kuma ranar da sinadari ya ƙona masa hannu babana ne ya goya shi zuwa asibiti. Sai ya dube ni.

"Ɗana, sake faɗa mini sunan."

Na faɗa. Ya maimaita a hankali har sau uku, ya ce Allah ya ji ƙan Isufu. Na kasa riƙe hawaye, shi ma bai ɓoye nasa ba.

La'asar sakaliya muka kamo hanyar gida. Tafiyar ta nuna mini cewa baƙuntar da nake dangantawa da wasu duniyoyi a gidanmu na gaje ta, kuma ana iya ƙaunar mutum shekara da shekaru ba a san ko wane ne ba. Da na isa gida na zayyana wa mahaifiyata komai, ina zaton zan ba ta mamaki. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Na sani," in ji ta. "Ranar da abokan aikinsa suka zo ta'aziyya, gaisuwar Bala suka yi mini. Na amsa."