Mai Tsumma, Wadda Ta Ceci Lambun Lemona

Kafin raɓa ta bushe za ka ji tarin tsohon babur ɗinta a bakin lambu. Ta jingine shi, ta ɗauko jaka: wuƙa, gwangwanin magani, da tsummoki fari da ja. Bishiyar da ta ɗaura wa fari za ta warke. Wadda ta sami ja, sai gatari. Shekara talatin da ɗaya malamar gonarmu tana haka, har sunanta ya ɓace, kowa sai Mai Tsumma. Wannan watan ta ajiye aiki, na ce sai na yi magana.

Ni ban taɓa zama a aji ba, 'yata ce ke rubuta wannan, amma a sha'anin lemo ban ga mai koya mini ba. Fari biyu sun same ni a lambun nan, ambaliya ta kwashe shingena, maciji ya sare ni, ga ni daram. Bishiya sittin na dasa da hannuna. Ta farkonsu nake kira Uwar Lambu, wanda duk ya sha 'ya'yanta sai ya roƙi reshe ya je ya yi wa nasa aure.

Shekara huɗu da suka wuce ganye ya koma rawaya, gindi na zubar da ƙaro, 'ya'ya na faɗowa ɗanyu. Maƙwabta suka ce in sare duka in shuka masara. Ni da ban ji tsoron maciji ba, abinci ya ƙi shiga.

Mai Tsumma ta zo ta durƙusa ta tona gindi da hannu.

"Baba, wa ya tara musu ƙasa har wuya haka?"

"Ni ne. Gata nake musu."

"Gatan ne ya shaƙe su. Danshi ya kwanta, fumfuna ta ci ɓawon. Wannan tana jin magani."

Hamsin da bakwai suka sami fari. Uku suka sami ja, har da Uwar Lambu. Ta ce nasu ciwon bairas ne, ba ya jin magani, ƙananan ƙwari na kwasarsa su kai wa na kusa, kuma duk reshen da na bayar daga yanzu cuta na bayar.

Tana tafiya na kwance jan Uwar Lambu na ɗaura mata fari.

Washegari ta tsaya gaban bishiyar ta yi dariya. "Baba, ta warke a kwana ɗaya? To ku za a ba aikina." Ta ɗaye ɓawo kaɗan, ta ɗora babban yatsana a kan itacen. "Ku da ba a koya wa, me hannunku ya ji?"

Ramuka na ji, ƙanana, a jere. Lafiyayyen itace sumul yake, na san wannan tun ba a haife ta ba. Da kaina na ɗauko gatarin.

Sauran muka janye musu ƙasa, muka kankare ruɓa, ta shafe raunin da shuɗin magani, ta hana ni malala ruwa a jikin gindi. Damina biyu tana zuwa. Bana sai da na tokare rassa da sanduna don nauyin 'ya'ya. Alhamdu lillahi.

Mai Tsumma, ke ce kika faɗa wa tsoho gaskiya ba ki kunyata shi ba. Ke ce ba ki taɓa ba kowa labarin tsumman nan ba, sai yau da na tona kaina. Na gode, 'yata. Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Ku sababbin malaman gona, ku durƙusa ku tona gindi kamar yadda ta yi. Ku kuma masu lambu, in an ɗaura ja, ku bar shi ja. Ni da na fi ku duka sanin lemo na gwada, bai yi ba.