Ranar Jana'izar Mahaifina da Na'ura a Ƙafata

Ko da zan kai shekara ɗari a duniya, ba na jin ranar da aka binne mahaifina za ta fita daga raina. Kowa ya san zafin rashin uba, amma ni tawa ranar ta zo da wata jarrabawa daban.

A lokacin wata huɗu ke nan da fitowata daga gidan yari. Faɗa ne ya kai ni. A garejin da nake aikin walda muka yi sa-in-sa da wani, zuciya ta ɗebe ni na buga masa ƙarfe a kafaɗa, hannun bai koma daidai ba har yau. Aka yanke mini shekara biyar. Da na yi uku, aka ga halina, aka ce in ƙarasa sauran a gida bisa sharaɗi. Sharaɗin kuwa shi ne wata baƙar na'ura mai kama da ƙaton agogo da aka ɗaura mini a idon sawu. Duk inda na taka, ofishin masu sa ido na gani a kwamfuta. An shata mini iyaka: gidan yayana a unguwar Umarari, garejin, masallaci da asibiti. In na tsallake ba izini, sai komawa ciki in cika shekara biyun.

Ranar wata Talata da hantsi ina cikin yanka ƙarfen ƙofa sai wayata ta yi ƙara. Kawuna ne, ƙanen Baba, daga garinmu Zabarmari. Ya yi maganar da Kanuri, a taƙaice: Baba ya faɗi a gonar shinkafa, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa. Jana'iza bayan azahar.

Na zauna a ƙasa. Zabarmari ba ta da nisa, amma tana wajen iyakata. Abokin aikina, wanda muka taso tare, ya ja babur ɗin mai garejin ya ce, "Tashi mu tafi. Wa zai kama mutum don ya je binne ubansa?"

Na nuna masa ƙafata. Ya ɗauko almakashin yanka ƙarfe ya ajiye a gabana. "Minti ɗaya ne. Ka bar ta a nan, su ɗauka kana aiki."

Wallahi na ɗauki almakashin nan. Na san da zarar an yanke igiyar na'urar ofis zai sani, amma a lokacin ban damu ba. Abin da ya tsayar da hannuna shi ne tuna zuwan da Baba ya yi Umarari bayan fitowata. Shekara uku bai taka gidan yari ba, don kunya da fushi. Ranar da ya zo, ya daɗe yana kallon ƙafata, sannan ya ce, "Sun yarda da kai sun sake ka. Kada ka sa su zo nemanka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya sha ruwa ya tafi.

Na ajiye almakashin na ce wa abokina, "Kai ni ofis."

Jami'ar da ke kula da ni wata dattijuwa ce 'yar kudancin Borno, Kirista, ba ta da yawan fara'a. Duk mako nake zuwa gabanta in sa hannu, ban taɓa ganin haƙorinta ba. Na faɗa mata abin da ya faru. Ta cire tabarau ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma ka sani ba ni da ikon buɗe maka iyaka. Sai oga ya sa hannu, shi kuma yana kotu."

Na ce, "Madam, zan jira."

"Ba lallai ya dawo yau ba."

"Zan jira. Amma yau zan je, kuma da takarda zan je."

Ta kira shi har sau uku, wayar a kashe. Na zauna a benci ina kallon agogon bango. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Kawu ya sake kira ya ce an gama wanka, ana zafi, ba za a iya ajiye gawa ba. Na ce su yi abin da ya dace. Da na kashe wayar sai hawaye suka ƙwace mini a gaban mutane. Abokina ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa mini makullin babur. Na kau da kai.

Ban san Madam na kallona ba. Sai kawai na ga ta miƙe, ta cike takardar neman izini da kanta, ta ɗauki jaka ta ce, "Taso. Idan oga bai zo ba, mu mu je."

Ta sanar da na kan kwamfuta cewa ina tare da ita, muka shiga tsohuwar motarta zuwa kotu. Ɗan sandan ƙofa ya ce ana zama, ba shiga. Ta rubuta 'yar wasiƙa ta ba masinja, shiru. Ta sake rubuta wata. Ina tsaye a rana na ji an kira sallar azahar, na san da an idar za a jera sahu a kan Baba. Na yi alwala a famfon kotun, na'urar tana bugun ƙashin ƙafata, na yi sallata ni kaɗai a gindin bishiyar dogonyaro.

Wajen ƙarfe biyu ogan ya fito. Ya karanta takardar, ya dube ni. "Tun yaushe ka samu labari?"

"Tun ƙarfe goma, ranka ya daɗe."

"Kuma ba ka tafi ba?"

Madam ce ta amsa. "Mai walda ne, oga. Da ya so yankewa da tuni ya yanke."

Kwana ɗaya ta nema mini. Ya soke da biro ya rubuta uku.

Ita ta kai ni da kanta. A kowane shingen sojoji sai ta nuna takarda, ni kuma in ɗage wando su gani. Muna shiga Zabarmari muka yi kiciɓis da jama'a suna dawowa daga maƙabarta. Ban samu sallar jana'iza ba, ban ɗauki makara ba, ban ga fuskarsa ba. Wannan ciwon yana nan har gobe, ba zan yi ƙaryar cewa ya warke ba.

Kawu ya kama hannuna muka koma maƙabartar mu biyu. Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Na durƙusa na yi addu'a har gwiwoyina suka yi tsami. Da muka taso na ce, "Kawu, ku yafe mini, na makara."

Ya ce, "Da ka zo da gudu, da yanzu mota na ƙofar gida ana jiran a tafi da kai a gaban uwarka. Je ka, tana ta tambayarka."

Kwana uku na yi ina karɓar gaisuwa a matsayin ɗa. Wasu na satar kallon ƙafata, ban rufe ta ba. Inna kuwa ita ke tuna mini in kai na'urar caji wurin mai wutar sola, don kada ta mutu a ce na gudu. Da lokacin yankan shinkafa ya zo, aka sake ba ni izini ba wani dogon bincike, ni na tattara mata amfanin gonar da Baba ya bari.

An cire mini na'urar tuntuni. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ni mutum ne da zuciya ta taɓa cinye wa shekara uku a cikin minti ɗaya, kuma a ranar na gane ina iya ce mata a'a, ko da a kan abin da ya fi komai zafi ne. Tun daga nan, duk lokacin da raina ya ce yanzu-yanzu, sai in nemi wuri in zauna tukuna.