Ranar da Aka Faɗi Sunan Vernon a Rediyo

Duk wanda ya yi hunturu a garinmu ya san motar Vernon Matusik, babbar motar nan mai ruwan lemo da ke ture ƙanƙara daga kan titi kafin motocin makaranta su fito. Yana gaba, motoci na bin sa a jere, kuma babu mai ɗaga masa hannu. Idan wani ya tsokane shi a shagon aski cewa har yanzu aikin share wa wasu hanya yake yi, ba ya dariya. Wuyansa ba ya juyuwa, don haka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya dubi mai maganar. Yawanci a nan ne mai maganar kan tuna yana da wani uzuri a waje.

Ubansa, Emil, ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar narka ƙarfe da ke bakin kogi, har ranar da aka sa mata kwaɗo. 'Ya'yansa biyu ne, Loretta da ƙaninta Vernon. Vernon yana ɗan shekara goma sha huɗu kocin ƙwallon Amurka na makarantarsu, ƙwallon da ake runguma a gudu da ita, ya ƙare masa kallo, ya ce ba shi da gudun da za a ba shi ƙwallo, ba shi da tsawon da za a jefa masa, amma yana da kai. Ba basira kocin yake nufi ba. Tun daga ranar ya zama fulbak.

Aikin fulbak ba shi da wuyar bayani, wuyar yi gare shi. Yana tsayawa a gaban mai gudu da ƙwallo. Ana farawa sai ya ruga cikin 'yar kafar da ke tsakanin ƙattin gaba, ya tarar da wani ƙato yana rugowa daga ɗaya ɓangaren, su gwabza kai da kai. Idan ya kawar da shi, mai gudu ya bi ta inda ya buɗe, jama'a su miƙe suna kiran sunan mai gudu. Idan ya kasa, ranar Litinin a nuna hoton a gaban kowa, a maimaita sau biyar. A takardar da ake rubuta aikin 'yan wasa akwai gurbin yadin da aka gudu, akwai na ƙwallon da aka cafe, har wanda ya saki ƙwallo ta faɗi yana da nasa gurbin. Mutumin da ya buɗe hanya ba shi da ko layi ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma babu wanda ya taɓa jin kunyar wannan tsari.

Shekara tara Vernon ya yi yana wannan aiki a babbar gasa, a ƙungiya ɗaya. Da ya gama jami'a babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, shi ya kai kansa gwaji, ya yi ta dukan mutane har aka gaji aka ba shi riga mai lamba arba'in da huɗu. Duk lokacin da ya lanƙwasa ƙarafan fuskar hular kwanonsa, mai kula da kayan wasa kan cire su ya miƙa masa, shi kuma ya kai wa ubansa. Emil ya rataye guda ashirin da shida a bangon garejinsa, kowane da ƙusarsa. A bayan Vernon ne wani mai gudu, Cedric Mabry, ya yi suna har hotonsa ya hau allunan talla a bakin manyan hanyoyi. Mabry ba butulu ba ne, kowace Kirsimeti yakan ba Vernon agogon hannu. Agogo huɗu suna nan a aljihun tebur, domin yatsun Vernon sun karye sun karkace har ba sa iya ɗaura maɗaurin.

Duk wannan bai taɓa damunsa ba muddin ubansa yana gani. Emil ba ya kallon ƙwallo a talabijin, lamba arba'in da huɗu yake bi da ido, kuma ranar Talata, ranar hutun 'yan wasa, idan Vernon ya zo cin kabeji da taliya, tsohon zai gaya masa wane duka ne ya yi kyau, wane ne ya shiga da kafaɗar da ba ita ba. Sai ciwon sukari ya cinye masa ido. Ya koma wa rediyo, yana zama da ita a kan teburin kicin kowace Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana.

Rediyo kuwa ƙwallo take bi. Mai sharhin ƙungiyar mutum ne mai son jin muryarsa, yana iya ɓata minti guda yana yabon takalmin Mabry, amma idan ya tuna da Vernon iyakarsa ya ce an bi ta bayan fulbak, sai ka ce wata kujera ce aka ajiye a fili. Loretta ce ta gaya wa Vernon abin da ke faruwa a gida. Ta ce wani maƙwabci ya tambayi Baba a bakin coci, anya ɗansa yana wasan nan kuwa, ko dai ruwa yake kai wa 'yan wasa? Ta ce Baba ya sa ta buga wa gidan rediyon waya, ya zagi wanda ya ɗauka tas, ya ce yaron nan yana da suna, kuma shi ya raɗa masa. Maganar ta zauna wa Vernon a ƙirji.

A shekarar da idon Emil ya tafi ne aka kawo sabon koci, wani matashi mai suna Pellman, wanda bai taɓa shan duka a fili ba amma yana da kwamfuta. Kwamfutar ta gaya masa fulbak kayan da ne. Me za a yi da mutum mai aiki ɗaya, alhali ga tayit-en, wanda zai tsaya a ƙarshen layin ƙattai ya tare mutum, wani lokacin kuma ya zame ya cafe ƙwallo? Gaskiya ce, tayit-en na ƙwarai yana aikin mutum biyu, kuma Vernon ya yi wasa da irinsu, yana ganin girmansu. Amma wanda Pellman ya kawo, Tyree Ballard, dogon yaro mai hannu kamar faranti, idan aka ce ya tare mutum sai ya yi kamar mai tsoron ɓata riga. Wa aka sa ya koya masa? Vernon. Bayan an tashi daga atisaye yakan tsaya da shi yana nuna masa inda ake kafa ƙafa da inda ake sa kai, yana koya wa yaro yadda zai karɓe masa aiki. A da yakan taɓa ƙwallo sau uku ko huɗu a shekara. Shekara uku a ƙarƙashin Pellman, ko sau ɗaya ba a miƙa masa ba.

Saura mako guda a rufe kakar wasa ta tara, Pellman ya kira shi ofis, ya yi masa godiya mai tsawo, sannan ya ce baɗi ƙungiya ba za ta riƙe fulbak ba. An ci moriyar ganga. Vernon bai taɓa roƙon komai a wajen kowa ba, amma ran nan ya roƙa.

“Koci, abu ɗaya nake so. Idan muka kai bakin layin ci ranar Lahadi, a ba ni ƙwallon sau ɗaya. Mahaifina ba ya gani. Ina so ya ji an faɗi sunana.”

Pellman har da dafa masa kafaɗa. Ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne, haƙƙinsa ne, ya ɗauka an gama. Wasan ma ba shi da wani tasiri, an riga an fitar da su daga gasa. Vernon ya buga wa Loretta waya ya ce ta gaya wa Baba ya kasa kunne da kyau. Ita kuma ta gayyato maƙwabta, har da wancan na bakin coci, ta dafa abinci kamar ana biki.

Ranar Lahadi, a zango na ƙarshe, suka kai ƙwallo saura yadi ɗaya ta isa layin ci. Vernon ya shiga fili. Suka haɗa kai don jin umarni, mai jifa, wato mai raba ƙwallo, ya faɗi abin da koci ya aiko, bai yarda ya haɗa ido da Vernon ba. Za a yi kamar an ba Vernon ƙwallo, ya faɗa cikin taro da hannu a naɗe a ciki, mai jifa kuma ya ɓoye ta ya jefa wa Tyree a gefe. Ashe ci ɗaya ya rage wa Tyree ya kafa tarihi a ƙungiyar, kuma Pellman yana son a rubuta cewa a zamaninsa aka yi.

Vernon ya yi abin da aka ce, domin bai san yadda ake yin wani abu daban ba. Ya naɗe hannu a kan cikin da babu komai, ya sunkuyar da kai ya faɗa, mutum shida suka danne shi. Yana ƙarƙashinsu, gwiwar wani a haƙarƙarinsa, ya ji filin ya ɗauki ihu, ya ji lasifika tana jan sunan Tyree Ballard. Da ya fito gefe Pellman ya buga masa hular kwano yana dariya, ya ce ya ruɗe su yadda ya kamata, ba don shi ba da yaron bai samu sarari ba, sannan ya juya ya rungume Tyree. Ko kunyar alkawarin bai ji ba, wataƙila ma ya manta ya yi shi.

Saura minti biyu aka sake tura Vernon ciki don a cinye lokaci. Aka yi gudu ɗaya, alƙali ya busa usur, kowa ya saki jiki. Wani ɗan wasan baya na abokan hamayya, yaro ne sabon shiga wanda bai yi masa komai ba, yana tsaye ya juya baya yana gyara safar hannu. Vernon ya taho da gudu daga yadi goma ya ɗauke shi. Yaron ya kife, bai tashi ba sai da aka kawo abin ɗaukar marasa lafiya. Alƙalai uku suka jefa ƙyallensu na nuna laifi a lokaci guda, babbansu ya kunna lasifika ya ce lamba arba'in da huɗu ya fita daga wasa. A shekara tara ba a taɓa korar Vernon daga fili ba. Mai sharhin rediyo kuwa a ranar ya tuna sunan. Ya ce Vernon Matusik ya yi abin kunya, ya ce Vernon Matusik ya zubar da mutuncinsa, ya ce bai taɓa zaton haka daga Vernon Matusik ba. Loretta ta ce sau bakwai ya faɗa, maƙwabta suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, abincinsu a faranti.

Ranar Talata ya je gida kamar kullum. Babu ƙamshin kabeji. Emil yana zaune a kicin, rediyon a gabansa a kashe. Vernon ya gaishe shi, tsohon ya fara tambayar yaron da aka buge, Vernon ya ce haƙarƙari biyu ne suka karye, zai warke. Fushin da Vernon ya shigo da shi, na Pellman da mai sharhi da shekaru tara, bai huce ba, shi ya sa ya yi maganar da bai kamata ba.

“To, Baba, ai ka ji sunan dai.”

“Na ji.” Emil ya laluba ya ture rediyon gefe. “Kai a zatonka shekara ukun nan ban san inda kake ba? Akwai wata ƙara da ke zuwa kafin wancan mai surutun ya ce Mabry ya wuce. Kamar an saki ƙarfe a kan ƙarfe. Ina jin ta nake cewa Loretta, ga shi nan. Ranar Lahadi ma na ji ta a bakin layi, lokacin da suka taru a kanka, na ce yaron nan ya ɗauke musu mutum shida.”

Vernon ya ce to me ya sa ya buga waya ya zagi mutane, me ya sa bai taɓa gaya masa haka ba? Muryarsa ta tashi har Loretta ta leƙo daga falo. Tsohon ya ce rigimarsa da masu rediyo ce, su ne ba su iya aikinsu ba, shi bai aiki kowa neman suna ba. Ya ce shi da ya yi shekara talatin da ɗaya yana zuba ƙarfe, a jikin wace gada aka rubuta Emil?

“Ƙarar ƙarshen ce ban gane ba,” in ji shi. “Ita ta zo bayan usur. Na ce wa yayarka wannan ba ɗana ba ne, wani ne daban. Sai ga mutumin nan yana ta faɗin sunanka.”

Vernon ya ciro ƙarafan fuska na ashirin da bakwai daga jakarsa, waɗanda suka lanƙwashe a bayan yaron nan, ya ajiye a kan tebur kamar yadda ya saba. Emil ya shafa su da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya tura masa abinsa. Ya ce babu sauran ƙusa a garejin.