Tokar Murhu a Injin Yaya Sale

Ranar wata Talata ce, kwana tara bayan ƙaramar salla, a shekarar da na cika sha biyu. Mun baro Fammar da hantsi za mu Rano, motar yayana Sale cike da buhunan gyaɗa har saman rufi, ni kuma ina gaba a matse tsakanin ƙofa da wata tsohuwa, farantin ƙuli-ƙulina a cinya. Muka haye rafi, muka kama hawan da ke bayansa, Yaya ya taka totur, injin ya yi fiton nan nasa da yaran garinmu ke kwaikwayo. Sai warin fetur ya cika motar. Kafin mu ƙure hawan hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet. Yaya ya tsaya, ya fitar da tsohuwar, ya naɗe hannu da rigarsa ya ɗaga bonet, wuta ta taso. Ban gudu ba. Na zubar da ƙuli-ƙulin a ƙasa, na riƙa cika farantin da yashi ina watsawa, shi ma yana watsawa da hannu bibbiyu, har ta mutu. Sai bayan nan na ga fatar bayan hannuna na dama ta saluɓe. Tabon yana nan har yau. Ban taɓa ɓoye shi ba.

Uwata ta rasu ina shekara huɗu. Kakata Dije, mahaifiyar Baba, ita ta riƙe ni, amma Yaya Sale ne ya goya ni. Shi yake ɗora ni a wuya zuwa gona, shi yake cire mini ƙaya, shi ya sassaƙa mini 'yar tsana da karan dawa. Baba manomi ne, ba ya wasa da yara kuma ba ya maimaita magana. Ban shiga boko ba. Firamaren garinmu ta bayan katanga na san ta, inda nake zama da faranti ina jiran a tashi tara. Sauran yinina na gida ne: sharar tsakar gida, kwashe tokar murhu, ɗebo ruwa sahu huɗu daga rijiya, surfe, tankaɗe, yayyafa wa awaki harawa. Da kaka mu fita kalar gyaɗa da roron wake. In na samu sarari da la'asar, mu zauna gindin darbejiya da 'yan matan layinmu muna carafke, kuma ba a cika cinye ni ba.

Motar nan shanun huɗa biyu Baba ya sayar aka saye ta. Tsohuwa ce mai dogon baya, injinta ya gaji, ko hawan rafi ba ta iya yi da kaya sai fasinja sun sauka sun tura. Sai Yaya ya yi shawara da Habu, bakanike a Kibiya, suka je Kano suka ɗauko injin tokumbo, wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, mai turbo, wani ƙarfe mai kamar dodon koɗi da ke cusa wa inji iska, wanda in ya yi aiki zafinsa ya fi na murhu. Habu bai tsaya nan ba. Ya cire injektocin injin, ƙarafa huɗu masu tsawon yatsa da ke fesa fetur a ciki, ya sa waɗansu manya don ta ƙara ja. Ta kuwa ja. Daga Durba har Saji an san fitonta, masu kaya suna jiran ta ko da wata motar ta riga ta zuwa. Wata biyar muka yi muna cin miya da nama kafin ranar wutar.

Bayan wutar Habu ya sauya tiyo da wayoyin da suka ƙone, ya ce tiyon ne ya fashe. Ya tayar da ita a bakin garejinsa, ya leƙa, ya shinshina, babu ko ɗigo. Yaya ya ɗauki kaya, yana kama hawa wari ya dawo. Ya tsaya, ya buɗe, ko'ina a bushe. Aka sauya famfon mai. Aka bi duk wata mahaɗa aka ɗaure da sifana. Aka shafe tanki da sabulu kamar yadda direbobinmu ke yi. Sau uku ana haka, sau uku wari na dawowa a hawa, ya ɓace in an tsaya. Mutane suka daina shiga. Wasu suka ce aljanin rafi ne, wasu suka ce hannu aka sa mata. Baba bai ce ko ɗaya ba. Ya dubi hannuna da ke naɗe da tsumma, ya ce ba zai jira ta ci mutum ba: ranar Asabar 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo su ja ta su yanka, Sale kuma ya bi motar shanu zuwa kudu neman aiki, tunda babu shanun huɗa balle a ce ya koma gona da su. Na san waɗanda suka tafi kudu daga layinmu. Wasu sai shekara uku ake ganinsu, wasu sai labari.

Ban yi kuka ba. Na ci gaba da aikina. Ranar Laraba, saura kwana uku Asabar ɗin, Kaka ta lura ƙasan babbar randarmu kullum a jiƙe yake, ruwa na raguwa, amma ido bai ga tsaga ba. Ta sa na juye ruwan, na tankaɗe toka da rariya mai laushi, na dama ta da ruwa kamar kunu. Muka shafe bayan randar kaf, muka bar ta a rana har ta yi fari tas, sannan na cika ta. Kafin in gama surfe wani siririn layi baƙi ya fito a jikin farin, ƙasa da wuya. Kaka ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ruwa yana iya ɓoye wa idonki, amma in ya bi ta kan toka sai ya bar sawu." Ta liƙe wurin, na mayar da randar mazauninta. Ni kuwa hankalina ya tafi ƙofar gida. Na tuna yadda fetur ke bushewa a hannun Yaya kafin ya kai ga tsumma. Na tuna ba ta wari sai tana ɗauke da kaya a hawa. Su kuma kullum a tsaye suke duba ta, babu kaya, kamar mai duba randa ba ruwa a ciki.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci Kibiya. Motar tana ƙofar gida kwana huɗu ba a tayar ba, bonet a tokare da sanda. Na dama toka a ƙwarya, na samo gashin kaza uku na ɗaure da zare. Na san injektocin, don na sha riƙe wa Yaya fitila da sifana. Na taka dutse, na leƙa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, sama inda suka haɗu da bututun mai, da ƙasa inda suka shiga inji, da bututun kansa. Ban taɓa waya ba, na ji Yaya yana cewa waya ba ta son ruwa. Hannun dama na ciwo, da hagu na yi. Rana ta yi sauran aikin. Kafin a sauko masallaci wurin ya yi fari kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa.

Tare da Habu suka dawo, don shi ya samo masu sayen. Yana leƙawa ya fashe da dariya, ya ce, "Sale, ashe amarya za mu sayar, har an shafa mata hoda." Yaya bai yi dariya ba. Ya tambaya wa ya yi, na ce ni ce. Na gaya musu abin da na gani a randa, na ce a loda ta a hau da ita sau ɗaya. Baba ya ce wannan ba maganar yara mata ba ce, in wuce ciki. Ban wuce ba. Sai Kaka ta yi magana daga cikin zaure, ba ta ko fito ba: "Malam, gobe yanka ta za a yi. Me za ka rasa in an ji ta yarinyar yau?" Sai Baba ya ce a ɗauko buhunan dawa shida, kuma shi zai zauna a gaba.

Ni aka bari a baya da bokitin yashi da ƙwaryar toka, ni da Habu. Muka haye rafi, Yaya ya taka, fito ya tashi, wari ya shigo. Ya kashe ta nan take a tsakiyar hawan, Habu ya sa dutse a taya. Aka ɗaga bonet. Injekta ta farko fara. Ta biyu fara. Ta huɗu fara. A wuyan ta uku, daidai inda ta haɗu da bututun mai, tokar ta yi baƙi, kuma ga wata siririyar hanya ta wanke farin ta gangara ta bayan inji, ta nufi wajen turbo. Fetur ɗin ya riga ya bushe, sawunsa ne ya rage. Habu ya jira inji ya huce, ya kwance bututun, ya zaro injektar. Zoben robar da ke wuyanta na tsohuwar injekta ne, ya yi mata kaɗan, an tura shi da ƙarfi har ya tsage ta gefe ɗaya. In mota na tsaye yana riƙewa. In turbo ta matsa, mai ya ƙara ƙarfi, sai ya buɗe baki. Habu ya juya shi a tafin hannu, ya ce shi ya sa shi da kansa. Bai sake dariya ba.

Ya hau babur zuwa Rano ya dawo da sabbin zobba kafin la'asar sakaliya, ya sauya duka huɗun. Sannan ya miƙo mini ƙwaryar da kansa ya ce in sake shafawa. Sau uku muka hau hawan nan da buhunan dawa shida. Sau uku aka buɗe, fari tas. A hanyar komawa Yaya ya danna hon tun daga bakin gari, yara na bin mu a guje. Baba ya sauka, ya kakkaɓe riga, ya ce wa Habu ya aika wa 'yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Ya dube ni ya ce, "Ke, je ki wanke hannun nan a sake miki magani." Iyakar yabon da na samu ke nan a wurinsa, kuma ya ishe ni. Yaya bai je kudu ba. Shekara tara ya ƙara yana jan motar, a cikinta aka kai ni gidan miji, a cikinta aka dawo da ni da 'ya'ya uku bayan mijin ya rasu.

Yanzu babban ɗan Yaya ne ke da gareji a Rano. Wata na'ura yake jona wa mota ta gaya masa ciwonta, kuma ba na raina ta. A gidanmu jarkoki da robobi sun maye gurbin randa, in sun fashe a jefar, ba mai neman tsaga. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, an yi kwalta a kan hawan rafin har ba a jin hawa ne. Amma a kusurwar garejin yaron akwai wani gwangwanin madara cike da tankaɗaɗɗiyar toka, don wani yoyon na'urar ba ta ganinsa. Duk wata nakan aika masa da sabuwa daga murhuna. In ina tankaɗewa nakan dubi bayan hannuna, in tuna yatsan Kaka a jikin randa.