Shuɗin Baba Fenti

Shekara talatin Baba Fenti yana rubuta allunan shaguna a layinmu, ba wanda ya taɓa ganin gwangwanin shuɗi a shagonsa. In ka nema, sai ya yi murmushi ya ce, "Kore ya fi kama ido, ɗan'uwa." Mu da muka shaƙu da shi mun san dalili. Da can masunci ne. Teku ta fizge ƙanensa daga cikin jirgi, ta bar masa hannun riga. Shi ya sa ya taso ya zo nan, inda ko rafi babu, ya kuma daina taɓa launin teku.

Ana nan sai makarantar firamare ta ba shi aikin zana duniyoyi takwas a bangon aji. Kwana huɗu ya gama bakwai, har tamu ma kore ya shafa mata. Ta takwas ya zagaya da alli ya bari.

"Baba, wannan fa?" in ji malamar kimiyya. "Neftun ce, ta can ƙarshe. Ƙatuwa, ga sanyin bala'i, ido ba ya hango ta. Shuɗi za ka sa, ban da wayon nan naka."

"Wa ya raɗa mata wannan suna?"

"Sunan abin bautar Romawan da ne. Wai shi ke da teku, mashinsa baki uku."

Baba ya daɗe yana goge buroshi. "Har sama ya biyo ni ke nan," ya ce.

Bai taɓa barin aiki rabi ba, Allah ya jiƙansa. Mako biyu yana kai da komo, sannan ya sayo shuɗin, ya shafa da rana tsaka. Al'adarsa ce ya taɓa fenti da bayan yatsa ya ji ko ya bushe. Kwana uku bai bushe ba. A na huɗu ya kai yatsan baki.

"Gishiri," ya ce.

Wani magini ya ce danshi ne daga ƙasa, amma ya kasa faɗin abin da ya hana shi taɓa sauran bakwan. Baba bai yi musu ba. Ya zauna a ɗan bencin 'yan aji, ya dubi shuɗin, ya ce a hankali, "Auta, ban sake ka ba. Rigar ce ta yage."

Bai kai wata ba ya rasu, cikin barci, fuskarsa a sake.

Sau biyu ana sabunta fentin ajin nan. Duk lokacin, zagayen sai ya sake fitowa, da farin gishiri a gefensa.