Shekarar da rumfar ajin farko ta makara

A lokacin sabuwar dirakta ce ni, haifaffiyar Kalley, an tura ni wata lakkwal, makarantar firamare, kusa da Tondibia. Kafin a buɗe makarantu aka tara mu a Plateau don formasiyo, wato horon aiki. Mai koyar da mu ya ce safiyar dirakta ta zagayen azuzuwa ce, ba ta gaishe-gaishe ba, duk baƙo ya nemi randebu, a tsayar masa da lokacin ganawa. Maganar ta shige ni, domin ina ɗokin a ga na iya aiki. Ina komawa na ce wa mai gadi kada ya bar kowa ya shigo wurina da safe.

Ajinmu na farko rumfar zana ce, iyaye ke kafa ta bayan kowace damina. Ban taɓa tambayar yadda ake shirya aikin ba. Ashe shugaban iyayen yara, wani dattijo mai lambu a bakin kogi, shi ke zuwa gaida dirakta, kuma a cikin gaisuwar ake tsayar da rana. Ya zo, mai gadi ya ce masa sai da randebu. Ya juya ya tafi.

Aka buɗe makaranta babu rumfa. Ƙananan yara suna bin inuwar itacen dogon yaro, malamarsu na jan allo a bayansu. Na kasa zama a ofis, ina fita ina leƙen hanya. Na aika unguwa, aka ce ana nan tafe. Sai da uwaye suka fara riƙe ƴaƴansu a gida mai gadi ya gaya mini wanda ya mayar.

Na samu dattijon a lambu yana ban ruwa. Ya bar ni tsaye har ya gama layin, sannan ya ce, "Madam, kin yi randebu kuwa?" Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini afuwa." Ya yi dariya, ya ce komai ya wuce, amma maza sun shiga yankan shinkafa, sai sun gama.

Rumfa ta tashi a makare. Wasu daga cikin yaran da aka riƙe ba su dawo ba, har yau ina ganinsu suna talla a bakin titi, suna gaishe ni.

Ban ce formasiyo ba ta da amfani ba, ni ce na ɗauki darasin ban auna shi da mutanen wurin ba. Ƴan'uwana sababbin diraktoci, kafin ku hana wata al'ada, ku tambayi wane aiki take yi muku.